Tsoron Ruwan Da Ummanku Ta Laƙa Mini

Makon jiya Hafsatu ta zo gyara mini ɗaki, ta ɗauki 'yar kwalbar nan da ke kan durowa tana waige-waigen kwandon shara. Tsawar da na daka mata ni kaina ta ba ni kunya. Ta mayar da ita a hankali, ta ce, "Baba, murfin ya tsage tun yaushe, ruwan ya bushe, gishiri ne kawai a gindinta." Na ce na sani, a bar mini gishirina. Tana fita na ji ta a waya tana gaya wa yayanta Yusufu wai Baba har yau yana gadin maganin tsoron ruwansa, suka yi ta dariya. Shekara huɗu ke nan kuna wannan dariyar, ku da 'ya'yanku, ni ma ina taya ku. Amma mutum biyun da maganar ta shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kuma gwiwa ta fara gaya mini abin da take gaya wa tsofaffi. Saboda haka ku zauna ku ji abin da ya faru a tashar jirgin ruwa ta Jidda, ranar da ubanku ya ƙi shiga jirgi.

Ku 'ya'yan Riyad ne, garin da ba a san ruwa ba sai a famfo da tanka, don haka ban ga laifinku ba da kuka yarda. Ni kuwa a bakin kogin Kwara aka yanke mini cibi, a ƙasar Yawuri, kuma ubana masunci ne ɗan masunci. Na iya iyo kafin in iya Fatiha. Ummanku ma a kan ruwa ta fara ganina, wata ranar kasuwa da na ƙetarar da ita da gwaggonta a kwale-kwalen gidanmu. Jirgin yana yoyo, ruwa ya jiƙa mata gefen zane, ta yi ta mita tun daga wannan gaɓa har waccan. Da za ta sauka na ce mata, da bakin saurayin da bai san nauyin magana ba, in ta aure ni wata rana zan ɗora ta a jirgi mai ɗaki da gado, wanda ko tafin ƙafarta ba zai jiƙe ba. Ta aure ni, ni kuma na kwaso ta na kawo ta tsakiyar hamada. Maganar nan ba ta taɓa bari ta kwanta ba. In an yi ruwan saman nan na sau ɗaya a shekara titi ya cika, sai ta leƙa taga ta ce, "Malam, ga ruwa ya zo, saura jirgin." In mun fita shan iska Wadi Hanifa ranar Juma'a ta hango ɗan ruwan da ke gangarawa, sai ta tambaye ku ko nan ce tashar. Kuna ɗauka raha ce, amma na zauna da ita shekara talatin da wani abu, na san wasan da ba wasa ba ne.

Maigidana kun san shi, Abu Nawwaf, mai ofishin sayar da tayil da kayan gini a unguwar Ulaya. Shekara ashirin da shida ina tuƙa shi. Ku da kuka tashi a nan kun san doka, amma saboda jikokin da za su karanta wannan a gida zan faɗa: baƙon da ke zaune da iƙama ba ya fita ƙasar nan ya dawo sai kafilinsa, wato wanda yake aiki a ƙarƙashinsa, ya buga masa bizar fita da dawowa. Na ga maza masu gemu suna jelen ofis mako uku suna roƙon wannan takarda. Ni ban taɓa roƙa ba ko sau ɗaya. Tsakanina da Abu Nawwaf akwai tsari irin na gida. In tafiya ta kama ni, sai in je in yi masa sallama kamar yadda ake yi wa babba, in ce ina son leƙa gida wata mai zuwa, shi ke nan na gama nawa. Bayan kwana biyu zan tarar da fasfona a kujerar gaba, takardar a maƙale, ga kwalbar turare a gefe ta Ummanku. Da aka daina takarda aka mayar da komai cikin na'ura, sai ya riƙa sa magatakardansa ya buga, shi kuma ya ce mini "halas", wato an gama, muna tsaye a danja. Ban taɓa dubawa ba, ban kuma taɓa jin kunya a filin jirgi ba. Ina alfahari da wannan a cikin direbobi, har ina ganin masu tambaya ba su iya zama da manya ba ne.

Kimanin shekara guda kafin maganar jirgi, muna kan babban titin Ulaya da hantsi, hanyar da muka bi ba adadi, Abu Nawwaf ya taɓa mini kafaɗa daga baya ya ce ina za mu. Na ce ofis. Ya ce wane ofis. Na dube shi ta madubi, na ga fuskar mutumin da ya farka a ɗakin da bai sani ba. Kafin mu isa hankalinsa ya dawo, amma bai bari na fita buɗe masa ƙofa ba. Ya kama hannuna ya matse.

"Ya Muhammad, ka ga abin da ka gani. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Yayana da ya fara haka, 'ya'yansa suka karɓe makullai suka zaunar da shi gaban talabijin, wata shida ya mutu. Kada ɗana Nawwaf ya ji daga bakinka. Ka rantse."

Na rantse. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mutumin nan shi ya yini a tsaye tare da ni a asibiti ranar da aka yi wa Yusufu aiki. Daga ranar aikina ya zama biyu. In na hango baƙo yana tahowa, sai in sunkuya kamar ina gyara masa sanda, in ce a hankali ga Abu Halid mai motocin yashi, ɗansa ne ya yi aure watan jiya. Shi kuma ya miƙe ya tarye shi da suna, ya yi masa barka da biki, kowa ya ce tsoho da sauransa. Nawwaf, babban ɗansa, ba yaro ba ne, ya fara shinshino wani abu. Sau biyu yana tsare ni a wurin ajiye motoci, da yake Ammi, wato baffa, yake kirana, yana cewa, "Ammi Muhammad, in ka lura da wani abu game da babana, ni za ka fara gaya wa." Na ce masa lafiyar tsoho ƙalau, shekaru ne kawai. Ko Ummanku ban gaya wa ba.

Ana cikin haka Hafsatu ta shigo wata yamma da kayan aikinta na asibiti a jiki, ta ajiye waya a gaban uwarta. Hoton jirgi ne, fari fat, bene a kan bene. Ta ce yanzu an fara irin wannan tafiya daga Jidda, kwana biyar a Bahar Maliya, a taɓa Masar a dawo, kuma ta riga ta kama ɗaki biyu, ɗaya namu ɗaya nata.

"Yumma, ga jirginki. Da ɗaki, da gado, har da taga. Halas, a daina tsokanar Baba."

Ummanku ta riƙe wayar ta yi ta kallo. Can ta ce, "Malam, ashe 'yarka ce za ta fitar da kai kunya." Ta tashi ta shiga kicin, muka jiyo ta tana wata waƙar masuntan garinmu wadda rabona da ji a bakinta tun kuna goye. Saura mako uku, amma a wurinta ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan ya koma kamar ana biki. Ta aike ni kasuwar Batha neman naman sa marar kitse, ta yi yini biyu a kan dambun nama, ta sa aka kawo kilishi daga wurin wata 'yar Agadas, ta daka yaji, ta ƙulla garin kunu, ta wanke butar lantarki ta naɗe a tawul. Hafsatu ta yi magana har ta gaji.

"Yumma, wallahi abinci a jibge yake a jirgin nan safe da yamma. Na waje kuma mamnu'u ne, an hana shiga da shi, za su ƙwace a ƙofa."

"Su ƙwace mu gani. Wanda ya kama hanya ba guzuri ya raina tafiya. Kin san abin da za su dafa? Babanki in ba yaji ba ya ƙoshi."

Ta kuma sa aka ɗinka mana kaya iri ɗaya, shadda ruwan toka, abin da ba mu yi ba ko ranar aurenmu, ta ce ranar shiga jirgi za mu sa. Ita bizarta a hannuna take, tunda a ƙarƙashin iƙamata take zaune, don haka Hafsatu ta karɓi wayata ta buga mata nan take.

Ni kuma na yi yadda na saba. Na sami Abu Nawwaf a ofis bayan la'asar, na gaya masa zan kai iyali bahar kwana biyar, jirgin zai taɓa Masar. Ya yi murna ƙwarai, ya ce Ummu Yusuf, wato Ummanku, ta cancanci fiye da haka. Bayan kwana uku Nawwaf ya tambaye shi a gabana ko an gama wa Ammi Muhammad bizarsa, ko shi ya sa a yi. Tsohon ya ɗaga murya ya ce shi da kansa ya sa aka buga jiya, shekara nawa yana yi ba wanda ya taɓa tuna masa, yaushe aka haifi Nawwaf da zai koya masa aiki. Nawwaf ya ba da haƙuri. Washegari na tarar da kwalbar turare a kujerar gaba.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Duk duniya ba wanda ya kai ni sanin cewa jiyan tsohon nan tana iya zama ta shekara biyar baya. Magatakarda yana nan, tambaya ɗaya ce, amma magatakarda mutumin Nawwaf ne, in na tambaye shi na nuna ina shakkar maigida. Hafsatu ma ta ce in ba ta lambar iƙamata ta duba a waya, abin minti ɗaya. Na hau ta da faɗa, na ce shekara ashirin da shida mutum bai taɓa saɓa mini ba, ba a kaina za a fara bin diddigin dattijo ba. Na faɗa da ƙarfi ne saboda ina tsoron abin da wayar za ta nuna. Na ce wa zuciyata wanda ya tuna turare ai ya tuna biza, na kama wannan na riƙe.

Hafsatu ta so mu hau jirgin sama zuwa Jidda, na ce direba ba ya barin mota a gida, kuma wa zai ɗauki kayan uwarta. Muka tashi ranar Alhamis bayan asuba, muka yini a hanya, muka kwana a masauki. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka sa shaddarmu muka nufi tasha. Tun daga nesa muka hango jirgin ya ɗara rumbunan tashar tsayi, kamar an ɗauko ɗaya daga benayen Ulaya an kwantar a kan ruwa. Iskar ruwa ta shigo ta taga, mai gishiri, ba irin ta Kwara ba, amma jikina ya gane ta. Ummanku ta dafa gwiwata, abin da ba ta yi a gaban 'ya'ya, ta ce, "Malam, wannan kam ba ya yoyo."

Zauren tashar babba ne mai sanyi, an ja igiyoyi mutane na bin layi kamar a filin jirgi. A ƙofa aka liƙa wa akwatunanmu takarda mai lambar ɗaki, aka tura su cikin na'urar da ke leƙa cikin kaya. Nan take maganar Hafsatu ta tabbata, aka ware jakar guzuri gefe aka ce mai ita ya zo. Hafsatu ta harari uwarta, ta miƙa mana fasfo biyu, ta ce mu wuce teburin takardu, ita za ta je ta yi musu bayani da irin Larabcin da suke ji. Ta tafi can ƙarshen zaure. Ba don dambun naman nan ba, da tana tsaye a gefena lokacin da abin ya faru, da kuma ba ni da abin rubutawa yau.

Ma'aikaciyar teburin mai fara'a ce. Ta duba na Ummanku ta ce tamam, ta miƙa mata katin ɗaki. Ta duba nawa, ta sake bugawa, ta karɓi iƙamata ta buga, sannan ta rage murya.

"Ya Hajj, ba ka da bizar fita da dawowa. Ba wani abu ba ne, kullum ana samun haka. Kira kafilinka ya buga yanzu, minti biyar ne. Sai ƙarfe biyar muke rufewa."

Agogon bango ya nuna uku da kwata. Muka koma gefe, kusa da gilashin da ke kallon jirgin, na kira Abu Nawwaf. Tunanina in na same shi a daidai zan lallaɓa shi ya kira magatakarda a gida, a gama ba wanda ya ji. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ummanku tana dab da kafaɗata, tana jin komai.

"Ya Muhammad, ina ka shiga? Tun ɗazu Ummu Nawwaf ta sa abaya tana jira, za mu kai ta wurin likita. Kawo mota."

Ummu Nawwaf, matarsa, shekararta shida a kabari, ni na tuƙa shi zuwa jana'izarta. Na ce masa ina zuwa. Ya ce in yi sauri, ya kashe. Ummanku mace ce mai saurin ɗauka, abin da na ɓoye shekara guda ta haɗa shi kafin in sauke waya daga kunne.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"'Ya'yansa sun sani?"

"Ya sa na rantse."

"To kira Nawwaf. Ba sai ka ce komai ba, ka ce biza kawai."

"A gabansa tsohon ya ce shi ya sa aka buga. In na ce babu, na gama faɗa."

Ta juya tana kallon jirgin ta gilashi. Da ta sake magana muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi tsawa zafi.

"Malam, shekara talatin da uku ban taɓa ce maka saya mini gwal ba, ban ce kai ni wata ƙasa ba. Abu ɗaya ka ce za ka yi mini, kai ka faɗa da bakinka, ban roƙa ba. Shi ma alkawari ne. Ko don nawa ba a rantse a kansa ba?"

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Lambar Nawwaf tana kan waya, yatsana a kanta. Na san gaskiya take faɗa, na kuma san asirin tsohon ba mai daɗewa ba ne, ko na kira ko ban kira ba. Amma na tuna hannunsa yana matse nawa a mota, sai na ga in ma za a karɓe masa makullai, kada ya zama saboda yawon shaƙatawata aka karɓe. Ita tana da 'ya a gefenta, tana da ni in ta dawo. Shi kuwa a cikin wannan abu ba shi da kowa sai direbansa. Haka na auna a lokacin, a tsaye, cikin minti biyu. Na ce mata ta yafe mini, ba zan iya ba. Ta ce to ita ma ta fasa. Na ce in ta fasa Hafsatu za ta tono dalili kafin magariba, kuma ma'aikaciyar asibiti ce, da ta ji irin ciwon ita da kanta za ta kira Nawwaf, ba ruwanta da rantsuwata.

Sai ga Hafsatu tana tahowa tana jan jakar guzuri, fuska a murtuke, tana cewa sun ƙi, ko yajin ba su bari ba. Ta ga kati ɗaya a hannun uwarta, ta ce ina na Baba. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Ummanku ta riga ni. Ta saki wata dariya har da tafa hannu, idonta kuwa jajir.

"Ke dai bari. Babanki ya leƙa ta gilashin nan ya ga ruwa ba gaɓa, gwiwarsa ta yi sanyi. Wai shi ba zai hau abin da ba a hango ƙasa ba. Na yi lallashi har na gaji."

"Baba? Kai da kake ba mu labarin kamun kifi?"

"Kifin rafi," in ji Ummanku. "Rabu da shi, tsufa ne. Kada ki matsa masa ya faɗi mana a nan."

Hafsatu ta yi fushi, ta yi roƙo, ta zaro maganin jiri daga jakarta, ta rantse ko motsin jirgin ba a ji. Ni dai ina tsaye ina cewa ba zan iya ba, wanda shi kaɗai ne gaskiyar da aka faɗa mata a wurin. Ɗan masunci, jikan masunci, cikin sabuwar shadda, ana yi masa bayani cewa ruwa ba ya cizo. Aka nemo akwatina aka dawo mini da shi. Da za su shiga ƙofar da ake buga fasfo, Ummanku ta turo mini jakar guzuri da ƙafa, ba ta kalle ni ba, ta ce dambun da ke gwangwani mai jan murfi shi ne mai yaji, in fara da shi kada ya lalace. Na bi ta da kallo, shadda ruwan toka ita kaɗai a cikin baƙaƙen abayoyi, har ta shige.

Ban bar wurin ba sai da jirgin ya tashi gab da magariba. Na sami gefen hanya na tsaya ina kallonsa yana fita a hankali, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Washegari na kama hanyar Riyad ni da guzurin mutum uku. Ranar Lahadi da safe ina ƙofar Abu Nawwaf. Ya fito garau, hankalinsa cif, ya gan ni ya tsaya.

"Kai ba kana bahar ba? Me ya dawo da kai?"

Na ce na ga ruwan ne na ji tsoro. Ya yi dariya har da dafa mota, ya ce ashe ni ma Badawi ne, ɗan rairayi irinsa. Ranar duk wanda ya shigo ofis sai ya ba shi labari, kuma bai manta ko kalma ɗaya ba. Nawwaf kuwa ya daɗe yana dubana.

Asirin da na tsare da wannan tsada wata biyu kawai ya ƙara. Wata safiya tsohon ya tari tasi kafin in iso, aka same shi da azahar a tsohon garin Dir'iyya cikin masu aikin gini, yana neman gidan ubansa a filin da aka share tun tuni. Likita ya faɗi sunan ciwon. Nawwaf bai zaunar da shi gaban talabijin ba. Ya bar masa teburinsa da kujerarsa, ya sa ina kawo shi ofis kullum yana sa hannu a takardun da ba sa zuwa ko'ina, har Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki Nawwaf ya ja ni gefe, ya ce tun ranar da na dawo daga Jidda ya duba na'ura, ya ga ba a buga mini komai ba.

"Da ka kira ni, Ammi. Minti biyar ne. Ni na riga na gane tun kafin nan, ina jira ne in sami wanda zai taya ni ɗauka."

 Har yau in na zauna ina juya abin, wata rana in ga na yi abin da ɗan halak zai yi, wata rana in ga girman kai ne na direban da ba ya son a ce maigidansa ya manta da shi. Na tsare mutum daga ɗan da ba shi da niyyar cutarsa, na kuma bar matata ta shiga jirginta ba tare da wanda ya yi mata alkawarinsa ba. Ku yanke hukuncin da kuka ga dama, amma ku yanke shi a kan gaskiya.

Na koma Jidda na ɗauko su ranar da jirgin ya dawo. Rabon tsaraba a falo kun tuna shi, domin kuna nan. Da aka gama raba riguna da 'yan kunne, Ummanku ta zaro 'yar kwalba daga ƙasan jaka, ta ce a gaɓar Masar ta ɗebo mini da hannunta.

"Tunda babban ya fi ƙarfinka, Malam, ga ƙarami ka fara sabawa."

Kuka kwashe da dariya, daga nan sunan ya bi ni. Ita kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, ko muna mu biyu. Na ce mata za mu sake, bana ko baɗi, wannan karon ni zan shirya komai, har da duba biza sau uku. Ta ce to. Baɗin ya zo da ciwon da kuka sani, aka shiga jelen asibiti. Wata rana da hantsi, Hafsatu ta fita karɓo magani, na matsa kusa da gadon na tambaye ta me ya sa ta yi mini ƙaryar nan, ita da ba ta ƙarya ko a wasa. Ta ce ta ga ina ta rufa wa wani asiri nawa a buɗe, wa zai rufa mini in ba ita ba. Sannan na yi tambayar da na kasa yi shekara biyu, na ce yaya jirgin yake.

"Yadda ka faɗa. Da ɗaki, da gado, ƙafata ba ta jiƙe ba." Ta huta kaɗan. "Sai dai kullum da safe in na yaye labule na ga ruwa har ƙarshen ido, sai in juyo in ce, Malam, zo ka gani."

Hafsatu, wannan ita ce kwalbar. In kin zo gyaran ɗaki ki goge mata ƙura, ki mayar da ita inda take.